Kenjegul, Mai Riƙe Makullin Direbobin Narin

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Narin, Kenjegul ta riga ta buɗe rumfar wankin mota da ke bayan tasha. Murhun kwal take fara hurawa, don ruwan da ya kwana a cikin mesa dutse yake wayar gari. Sai ta rataye mesar kusa da wuta, ta shanya tsummokaranta, ta ɗora butar shayi, ta zura takalman roba a kan safar gashin tumaki. Lokacin da motar farko za ta shigo da ƙanƙara lafce a jikinta, ruwa ya yi ɗumi. Ɗumi kawai, ba zafi ba, don ta ga gilasai da yawa sun tsage a hannun masu garaje. Eje muke ce mata, mu 'yan tasha, kamar yadda ake ce wa kowace babbar yaya a harshenmu. Har dattawan da suka girme ta haka suke kiranta.

Daga ƙasa take farawa. Ta durƙusa ta kori gishiri da toka da aka zuba a titi saboda santsin ƙanƙara, waɗanda ke cin ƙarfen mota a ɓoye. Kujerun fata kuwa ba ta taɓa su sai cikin motar ya ɗumama. Ta ce fatar da ta sha sanyi kamar tsohuwa ce da aka tasa daga barci, in ka ja ta da ƙarfi sai ta karye. Ɗan sabulu marar kaifi, burushi mai laushi, tsumma matsattse, sannan mai kaɗan a tafin hannu. Ba ta jiƙa fata, lallaɓa ta take yi.

Amma abin da ya sa sunanta ya zagaya tashoshi shi ne makulli. Duk wanda ya shigo da mota, sai ya miƙa mata makulli ta jefa a aljihun rigar aikinta. Ba zai sake ganinsa ba sai robar kowace ƙofa ta bushe, ta hura iska a ramin makulli, ta taka birki ta ji da ƙafarta.

"Eje, fasinjojina suna jira fa!" in ji Ormon, wani direba mai ƙaton tumbi da ke jigilar fasinja zuwa birnin Bishkek.

"Su jira. Bishkek ba ta da ƙafa."

"Wallahi ko 'yan sanda ba sa riƙe ni haka."

"'Yan sanda ba su san uwarka ba. Ni na san ta. Zauna ka sha shayi."

Ormon ɗin nan shi ne yanzu yake ba da labarin ranar da ya guje mata, ya kai motarsa inda ake wankewa a sallame ka nan take. A kan tudun Dolon ya tsaya don fasinjoji su kama ruwa, ƙofofi huɗu suka ce ba su san zancen ba, ruwan wankin ya daskare a jikinsu. Ta but ɗin bayan mota aka zaro shi, da tumbin da komai. Tun ranar, shi ke fara miƙa makulli kafin ya yi gaisuwa.

Ke ce uwar direbobi, Eje. Ke ce kike jin kunyar a ce mota ta fita daga hannunki ta wulaƙanta mai ita a hanya. Mun zage ki a zuci, mun yi ta kallon agogo muna tsaki, kin ji, kin ƙara mana shayi.

Abin da ya faru da Sabirbek a hunturun bara shi ya sa aka ga ya kamata a rubuta wannan. Sabirbek matashin direba ne, maraya ta wajen uba, kakansa ne ya rene shi a ƙauye cikin dawaki. Yana son wata yarinya mai suna Jipar, ita ma tana son shi. Matsalar ubanta ce, Moldokerim, makiyayi a wani ƙauye bayan garin At-Bashi, wanda bai yarda da direbobi ba. Ya ce direba mutum ne mai sauri, mai sauri kuwa ba ya riƙe gida. Da ƙyar ya amince dangin yaron su zo su sa wa Jipar 'yan kunne, a san ta zama tasu. Amma ya gindaya sharaɗi: su iso ranar Asabar kafin azahar. Bayan sallah zai hau doki ya koma wurin tumakinsa a cikin duwatsu, ba zai sauko ba sai ƙanƙara ta narke. Kowa ya gane abin da dattijon yake nufi. In yaron ya makara, maganar ta mutu.

Da sanyin safiyar Asabar Sabirbek ya shigo rumfar da motarsa mai fararen kujerun fata, wadda yake ji da ita kamar ransa. Ya sha aski, ya sa kwat. Ya miƙa makulli.

"Waje kawai, Eje. Ciki na gama da kaina jiya. Sai kin gani ma."

Ta wanke wajen tas. Motar ta daɗe a cikin ɗumin rumfa. Da ta buɗe ƙofa don goge roba, sai ta ja da baya ta toshe hanci da gefen gyalenta.

"Kai! Wa ya yi miya a cikin motar nan?"

Ta yaye bargon da ya rufe kujerun da shi. Suna ta naso, suna ɗiga. Ashe yaron kitsen jelar rago ya narka, ya bi kujerun nan ɗaya bayan ɗaya ya shafe su, kamar yadda ya ga kakansa yana yi wa sirdi duk farkon sanyi. A tsakar gida cikin jaura, kitsen ya daskare, bai yi wari ba, har wani sheƙi yake yi. Da ya ji ɗumi sai ya tuna shi kitse ne.

Direbobin da ke shan shayi suka taso. Ormon ya leƙa, ya riƙe ciki yana dariya.

"Ango, ka kawo albasa mu ƙarasa girkin mana!"

"Haka kakana yake yi," in ji Sabirbek, fuskarsa ta yi ja har kunne. "Sirdinsa ya girme ni, ko tsaga ɗaya babu."

"Kakanka bai yi ƙarya ba," in ji Kenjegul. "Sirdi yana shan kitse. Wannan fatar an rufe ta da launi, ba ta sha. Rigar uwarka ce za ta sha. Haka za ta sauka a ƙofar surukai, baya sharkaf, karnukan ƙauye na bin ta?"

Ta aiki Ormon kanti ya sayo garin dankali, ta ce tun da bakinsa ba ya gajiya bari a gwada ƙafarsa. Ta ce wa masu motocin da ke layi su dawo gobe. Ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta riƙa danna tsumma tana ɗagawa, ba ta gogawa don kada kitsen ya shige ɗinki. Ta barbaɗa garin, ta jira ya tsotse, ta share, ta sake barbaɗawa. Sannan sabulu da ruwan ɗumi, ɗinki bayan ɗinki. Waɗanda suka tsaya a wurin sun ga yatsunta, yadda suka kumbura suka lanƙwashe, da yadda take sa ɗayan hannun ta buɗe su in sun ƙi sakin burushi.

Hantsi ya yi sosai lokacin da mahaifiyar Sabirbek ta gaji da jira a gida, ta biyo shi rumfar cikin rigar karammiski, da 'yan kunnen a ƙulle a hankici. Kujeru sun fita fes. Sabirbek ya miƙa hannu.

"Makulli, Eje. In na taka, za mu iso."

"A'a."

"Eje!"

"Ciki da danshi. Ƙofofi ban gama da su ba. Kana hawa tudu gilashin nan zai daskare ta ciki, ga ka kana takawa, ga uwarka a baya. Ban ba ka ba."

"Yau kaɗai! Kin san abin da mutumin nan ya ce. Kin san in na makara shi ke nan!"

"Na sani, ɗana."

Sabirbek dogo ne ƙaƙƙarfa, Kenjegul ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Aljihun na nan a gabansa, kan makullin ma ya leƙo. Hannunsa ya taso. Ormon ya ajiye kofi. Yaron ya tsaya yana huci, idonsa ya kawo ruwa. Sai hannun ya wuce aljihun, ya ɗauki busasshen tsumma daga kafaɗarta. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya ba uwarsa.

"Wace ƙofa ce ta rage?"

Tare suka gama. Lokacin da ta shafa tafin hannu a kan kujera ta ji ta bushe, ko yaro ya san ba za su riski azahar ba. Ta ba shi makulli. Sai kuma ta kwance rigar aikinta, ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin gyale, ta ce wa mahaifiyarsa, "Matsa mini, ƙawata. Ni na makarar da shi, ni zan je in faɗa da bakina."

Sauran labarin daga mahaifiyar Sabirbek muka ji shi. Sun tarar da Moldokerim a ƙofar gida, an idar da sallah, doki a ɗaure da sirdi. Bai amsa gaisuwar yaron ba. Kenjegul ta fito da takalmanta na roba, ta tako cikin dusar ƙanƙara har gabansa.

"Dattijo, ba ka san ni ba. Mota nake wankewa a Narin. Yaron nan da sassafe ya fito. Ni na ƙwace masa makulli."

"A kan me?"

"Motar ba ta bushe ba."

"Kuma ya bar miki?" Dattijon ya dubi Sabirbek daga sama har ƙasa. "Ƙaton nan?"

"Da yatsa biyu zai iya karɓewa. Ya san abin da zai rasa. Ya ɗauki tsumma ya taya ni. Na ji an ce kana tsoron mai sauri. To, ni na fi ka sanin masu sauri, cikinsu na tsufa. Wannan ba ya cikinsu."

Moldokerim ya zagaya ya buɗe ƙofar motar, ta buɗe salin-alin. Ya sa kai ciki, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Ina jin ƙamshin rago."

Dole aka gaya masa. Sabirbek ya so ƙasa ta tsage ya shige. Amma dattijon sai ya juyo yana harararsu duka.

"To me ya yi? Da me ake shafa fata in ba kitsen jela ba? Kai, wa ya koya maka?"

"Kakana, Baba."

"Da gishiri ko babu?"

"Babu. Ya ce gishiri na cin ɗinki."

"Ya san abin da yake yi." Ya dubi Kenjegul. "Ke kuma kin ɓata wa yaro aiki."

"Na ɓata, dattijo. A yafe mini."

Ya daɗe yana kallon hannayenta. Sannan ya juya ya kwance igiyar cikin dokin, ya sauke sirdi, ya ɗaga murya ya ce a ɗora nama, baƙi sun iso. Kafin la'asar 'yan kunne na kunnen Jipar.

Wannan hunturun shi ne na ƙarshe da Kenjegul za ta hura murhun rumfar nan. Likita ya ce yatsun ba za su ƙara ɗaukar ruwan sanyi ba, 'yarta kuma ta rantse sai ta zauna a gida. Ba a shirya mata taro ba, babu mai ba ta lambar yabo. Shi ya sa muke faɗa a nan, inda kowa zai gani.

Mun gode, Eje. Ke ce kika ɗauki fushinmu don mu isa gida lafiya. Ke ce kika nuna mana cewa aiki bai ƙare ba don mai shi ya ƙosa. Allah Ya huta da gajiyarki, Ya ɗumama hannayen nan da suka sha jaura saboda mu.

Ku kuma samarin da za ku karɓi mesa a bayanta, da mu duka da ba ma iya zama wuri ɗaya, mu koyi cewa a'a ga mutumin da muke ƙauna, sannan mu bi shi mu tsaya masa. Direbobi, saura ku. Matar nan ba ta taɓa mallakar ko keke ba. In kun hango ta a bakin titi da jakar cefane, ko mota ta cika, ku tsaya. A sauke wani, a ba ta gidan gaba.