Takalman Ƙanƙara a Ƙasar Yashi

Ƙiiƙ, ƙiiƙ. Da wannan ƙarar abin ya fara. Tayar gaba ta hagu ce ta keken ɗiyata, duk juyi ɗaya sai ta yi kuka a kan tayil, kamar ɓera ya maƙale a bayan kabad.

Lokacin kullen korona ne. Muna zaune a wata ƙasar Larabawa, a hawa na uku a unguwar Bin Mahmud, ɗaki biyu da falo, ba shiga ba fita. Maigidana yana aikinsa a kan teburin cin abinci, ni kuwa in na gama girki sai in tura ɗiyata daga falo zuwa ƙofar kicin, in juyo, in sake komawa. Yawo muke ce masa. Shekarunta uku a lokacin. Allah ya ba ta baki da wayo, amma ƙafafunta ba sa ɗaukarta, bayanta ma ba ya tsayuwa shi kaɗai. Keken nata irin na jarirai ne, sai dai a asibiti an gyara mazauninsa, an sa matasai masu tallafe ƙugu da wuya. A cikinsa kaɗai jikinta yake sakewa. In aka ɗauke ta a hannu aka daɗe, sai ta sandare ta fara kuka. Goyo kuwa, wanda da shi mahaifiyata ta raine mu gaba ɗaya, na gwada har na haƙura. Ƙafafun ba sa buɗewa su kama baya.

Ranar da ƙarar ta ishe ni, na zubo man gyaɗa a murfin kwalba, na durƙusa na ɗiga wa tayar. Nan take ta yi shiru. Amma durƙuson ya sa na kalli tayoyin da kyau: 'yan ƙanana, sirara, masu tauri, na gaban ba su fi bakin kofin shayi ba. Sai na tuna ranar da suka kunyata mu.

Kafin annoba mun taɓa zuwa bakin teku a kudu da gari, inda kwalta take ƙarewa yashi ya fara. Daga inda muka ajiye mota zuwa ruwa tafiya ce mai ɗan nisa. Taku biyar ba mu yi ba keken ya nutse har gindi. Mahaifinta ya ɗauke ta a kafaɗa, bai kai rabi ba ta sandare tana ihu, dole ya juyo. Haka muka zauna a gefen mota, ni da ita, muna hangen 'ya'yan mutane suna gudu cikin ruwa. Ta nuna da hannunta mai ɗan ƙarfi ta ce, "Umma, can me?" Na ce teku ne. Ta ce, "Mu je." Na ce wata rana in Allah ya yarda. Ba ta manta ba. Ko a talabijin ta ga ruwa sai ta waiwayo ta dube ni.

A cikin kwanakin kullen nan ne ƙanwata, wadda aure ya kai wata ƙasa mai tsananin sanyi, ta turo mini ɗan bidiyo. Tana tura jaririnta a kan dusar ƙanƙara, ko'ina fari fat. Ba jaririn na kalla ba, Allah ya yafe mini. Ƙasan keken na kalla. An ɗaura wa kowace taya wani abu dogo mai faɗi, bakinsa ya lanƙwashe sama kamar kan kwale-kwale, keken yana sulalewa da hannu ɗaya. Na maimaita bidiyon ya fi sau goma. Na kira ta na dame ta da tambaya: da me aka yi shi, yaya ake ɗaurawa, ba ya nutsewa ne? Ta ce, "Yaya, ko jaririn ba ki tambaya ba!" Ta ce su takalman ƙanƙara suke ce musu a gida, kuma ba don su ba da keken ya nutse.

Nutsewa. Ai ciwonmu ke nan.

Na kai wa maigidana wayar. Injiniya ne, a harkar bututun gas yake aiki, kuma in zan tsokane shi da sunan aikin nake kiransa. Na ce, "Injiniya, dubi wannan. Ƙanƙarar nan da yashi, mene ne bambancinsu?"

Ya cire gilashi, ya kalla, ya mayar. Ya ce, "To, wannan gari ne kamar na tuwo, wancan ma gari ne. Ɗaya sanyi, ɗaya zafi."

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Kusan shi ke nan, Hajiya."

Mu biyun babu wanda ya taɓa taka dusar ƙanƙara. Ni 'yar Katsina, shi ɗan Gusau. Amma muka zauna muka yanke mata hukunci a falo, har ya ɗauko takarda ya zana, ya auna tayoyin da tef ɗin ɗinkina.

Wanda zai ƙera mana yana Sanaiya, unguwar garejoji da masu walda, kuma a lokacin an rufe ta. Muka jira watanni. Wani dattijo ne mutumin Zangon Kumasi, maigidana ya san shi a masallacin Juma'a, kowa Baba yake ce masa. Da aka buɗe hanya na nace sai an je da ni. Na zauna a mota da takunkumi a fuska, Baba ya fito yana goge hannu da tsumma, ya leƙo ta taga muka gaisa. Ya kalli bidiyon, ya kalli zanen, ya kalli maigidana.

Ya ce, "Injiniya, shekara nawa ka yi a garin nan?"

"Takwas, Baba."

"A cikin takwas ɗin, wace rana ƙanƙara ta sauka? Ko ina barci?"

Maigidana ya yi dariya ya ce na yashi ne. Baba ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi dai bai taɓa ganin abu ya sulale a kan yashi ba sai maciji, amma tunda na jikarsa ne, zai yi. Daga ranar ya mayar da ɗiyata jikarsa, ko ganinta bai yi ba. Ya yanko farantin alminiyom, ya lanƙwasa bakin, ya goge su har suna ɗaukar ido, ya yi musu maɗauri da bel ɗin kujerar tsohuwar mota.

Sai da zafi ya sauka muka fita gwaji a yashin bakin tekun nan. Na ce ba za a sa ta a ciki ba sai an tabbatar, don kada a sa mata rai a banza. Muka ɗora buhun shinkafa a mazauninta, na ɗaure shi da bel kamar mutum, ita kuma tana kujerarta ta mota, ƙofa a buɗe, tana kallo. Maigidana ya yi bismilla ya tura. Keken bai motsa ba. Ya sa ƙirji ya danna, ya matsa kamar taku ɗaya, yashi ya taru a gaban takalman ya yi tudu. Ya zagaya ya ja ta gaba, ya yi ta ja yana nishi kamar mai fitar da saniya daga rijiya. Gaskiyar ƙanwata, ba su nutse sosai ba. Amma ba su tafi ba.

Daga cikin mota muka ji dariya. Ɗiyata ce, har da ƙyaƙyatawa. Ta ce, "Abba, shinkafa ma ba ta je ba!" Muka yi dariya tare da ita. A hanyar dawowa ne na juya fuskata wajen taga, don kada ta ga idona.

Abin ya tsaya mini a rai, ba don baƙin ciki kaɗai ba. So nake in san dalili. Me ya sa can ya tafi, nan ya ƙi? Wata safiya ina wanke firji, na ga farar ƙanƙarar nan da take taruwa a jikin firiza. Na kankaro ta da ludayi na cika faranti. Na kakkaɓo yashin da ya rage a tabarmar mota na zuba a wani farantin. Na ɗauki cokali na ɗora bayansa a kan ƙanƙarar na tura da yatsa: suu, ya wuce, ya bar sawu mai sheƙi da danshi. Na ɗora shi a kan yashin na tura: ƙurr, ya tsaya. Ashe ita ƙanƙara in an danne ta lafewa take yi, ta yi santsi, ta ba da hanya. Shi yashi ba ya lafewa, kowace ƙwaya sai ta riƙe ka. Na tsaya a kicin ina cewa subhanallahi, farare biyu, kowanne da halinsa. Na kira Injiniya na nuna masa. Ya tura cokalin sau biyu, ya ce, "Ai wannan mun karanta shi a aji ɗaya." Na ce, "To ina ya shiga ranar da kake zane?" Ya ce shayi yake so.

Takalman suka hau saman kabad. Shekara ta zagayo, ɗiyata ta ƙara tsawo, aka sake gyara mata mazauni. Muna kai ta bakin ruwa na cikin gari, inda aka yi daɓe mai kyau, tana hangen ruwan daga sama. Kullum sai ta ce ba wannan ba, wancan da ake taɓawa.

Sai gasar ƙwallon ƙafa ta kofin duniya ta zo ƙasar da muke. Gari ya cika, tutoci a kowace baranda, a tashar jirgin ƙasa ana ta waƙa da harsunan da ban taɓa ji ba. An rufe makarantu, maigidana ya koma aiki daga gida. Wata Asabar hayaniyar ta yi mana yawa, muka ɗauki fulas da tabarma muka nufi kudu, ba don komai ba sai shan iska. A daidai inda kwalta take ƙarewa, na ga manyan motoci sun yi layi, kowane direba ya tsuguna a gindin tayarsa. Na sauke gilashi. Tsss, tsss, ta ko'ina.

Na ce, "Duk faci suka yi?"

Ya ce, "A'a, iska suke ragewa. In tayar ta yi laushi sai ta baje a kan yashi, kamar tafin raƙumi, ba ta nutsewa. In sun fito su sake bugawa."

Na juyo na dube shi. Bai gane ba da farko. Sai na ga hannunsa ya tsaya a kan sitiyari.

Na ce, "Injiniya, tun yaushe ka san wannan?"

Ya ce a hankali, "Tun shekarar da na zo."

Amsar tana bakin hanyarmu duk tsawon lokacin nan, mu kuma mun tafi ƙasar sanyi neman ta.

Baba ya yi dariya har da tari da muka koma. Ya ce, "'Yata, da kin tambayi baro tun farko." Tayoyin baro ya samo guda huɗu, masu kauri, irin waɗanda ake hura wa iska. Ya yi musu dogon ƙarfe biyu da za a zura a ƙarƙashin keken a cire in an gama, domin na roƙe shi kada ya taɓa mazaunin ko kaɗan. Da aka haɗa, keken ya koma wata halitta, sama jariri ƙasa tarakta. Ko lif ɗin gidanmu bai shiga ba sai da aka kwance. Baba ya buga tayar da tafin hannu ya ce, "Khalas, an gama. Ku gaishe mini da teku."

Da sassafe muka fita, iska mai sanyi tana kaɗawa. Wannan karon ban ɗauko shinkafa ba. Na yi shawara da zuciyata tun a kan sallaya, na ga in za a sake faɗuwa gara a faɗi tare da ita, ta san dai ana ƙoƙari. Muka haɗa tayoyin a gefen mota. Ni na tsuguna da kaina, na ciro fil daga mayafina na danna bakin tayar. Tsss. Ɗiyata ta kwaikwayi ƙarar da bakinta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har suka yi laushi kamar ƙullin fanke.

Muka zaunar da ita, na gyara matasan, na ɗaure bel. Na ce wa mahaifinta ni zan tura. Na yi bismilla.

Keken ya tafi. Ba sulalewa irin ta bidiyo ba, da nauyi, sai na sa ƙarfi, amma yana tafiya, tayoyin suna bajewa suna barin sawu mai faɗi a bayanmu. Ban yi magana ba, tsoro nake kada in yi magana ya tsaya. Muka wuce inda ya nutse shekarun baya. Muka wuce inda mahaifinta ya juyo da ita. Yashin ya fara duhu, ya yi tauri, turin ya yi sauƙi, sai ga mu a inda kumfa take tsayawa.

Na durƙusa na cire mata safa, na sauke matakin ƙafa, na ɗan kwanto da keken gaba har tafinta ya taɓa jiƙaƙƙen yashi. Ruwan ya ja baya can nesa. Ta ɓata fuska, ta dube ni, ta ɗauka nan ma iyakarmu ke nan. Na buɗe baki zan ce wa mahaifinta mu ƙara matsawa, sai ga ruwan ya dawo da gudu, ya rufe mata ƙafa har idon sawu. Ta ja numfashi da ƙarfi. Na kai hannu, ina jiran ta sandare. Ba ta sandare ba. Ruwan ya koma, ta bi shi da ido, ya sake dawowa, ya sake taɓa ta.

Na ce, "In ƙara tura ki ciki?"

Ta girgiza kai, idonta a kan ruwan. Ta ce, "A'a, Umma, bar ni a nan. Ashe shi yake zuwa wajen mutum."