Ƙahon Fidelina da allurar Crescencio

Wai mijin taubashiyata Fidelina ya tsiro wutsiya. Har da masu rantsuwa sun gan shi a saman bishiyar mangwaro a nan garinmu Carapeguá yana sosa hammata, ita kuma gashi ya fara fito mata a tafin hannu don kawai gado ɗaya suke kwana. Ƙarya ce tsagwaronta. Crescencio ko kujera ba ya hawa sai an riƙe masa. Allurar rigakafin korona aka yi masa, shi ke nan.

Fidelina chipa take sayarwa a bakin titi, burodin nan na rogo da cuku, shekara ashirin da bakwai da kwando a ka. Tun tana yarinya Allah ya zuba mata ƙyanƙyami. In ƙuda ya gifta ta saman miya, ko bai sauka ba, miyar ta zama ta karnuka. To irin wannan mata ce ta jiyo a motar haya wai da ƙwayar murar biri aka haɗa allurar, wai kuma tana bin miyau ta shiga mutanen gida.

Ranar da Crescencio ya dawo da auduga a dantse, ya zauna a inuwa ya miƙa hannu a ba shi tereré. Ƙahon shan tereré ɗaya ne a gidan, bututun ƙarfe ɗaya, shekara talatin suna zuƙar ruwan ganyen nan mai sanyi, ita ta sha ta miƙa masa. Sai ta janye ƙahon.

"Tsaya can! Ba za ka zuba mini biri a ciki ba."

"Haba Fide, ni ne fa."

"Da safe kai ne. Yanzu ban san ku nawa ba ne a cikin rigar nan."

Ta ba shi kofin roba, ta hana shi ko taɓa ƙahon. Baƙo mai wucewa ma ana miƙa masa, ga maigida a gefe da robarsa kamar wanda ya yi sata.  Zazzaɓin yini ɗaya da allurar ta sa masa ya wuce, amma ƙyamarta ba ta wuce ba.

Kwana goma sha biyu, sai cikin Fidelina ya ɓaci. Tsakanin gado da bayi ta yi tafiyar da ta fi ta zuwa babban birni Asunción. Kwandon chipa ya zauna.

"Ka gani ko? Ta iska birinka ya biyo ni!"

Ta ja jiki zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin ta saurare ta har ƙarshe.

"Uwargida Fidelina, ƙwayar cikin allurar nan an hana ta hayayyafa. Ko a jikinsa ba ta ƙaruwa, balle ta yi tsalle ta faɗa naki. Me kike sha?"

Fidelina ta zaro ƙahon daga jaka tana taƙama: "Wannan, kuma ni kaɗai."

Nas ta murɗe gindin bututun ta buɗe. Wayyo! Wani yauƙi kore ya zubo, baƙin fumfuna ya yi gemu a ciki, ga ƙafar kyankyaso a maƙale. Warin ya kori marasa lafiya uku, ɗaya ma ya manta da sandarsa.

Ashe duk shekarun nan Crescencio ne ke kwance bututun kowace yamma ya cuɗe shi da buroshi, ya kife ƙahon ya bushe. Ita ɗauraya kawai ta sani. An ce kar ya taɓa, shi kuwa bai taɓa ba.

Ta yi amai har sai da ta ga abincin bikinta. Da ta koma gida ta tafasa kayan sau huɗu, ta zuba sabon ganye, ta miƙa wa Crescencio zuƙar farko tana kallon bango. Kofin robar kuwa kaji suka gada.

Ran Lahadi na je, na ɗauki chipa ɗaya a kwando na ce, "Taubashiya, to ina birin ya shiga?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ga shi nan tsaye yana ci mini jari, kuma shi ko allurar ba a yi masa ba. Ajiye, ka je ka wanke hannu."