Binciken Giyar da Aka Ɗora wa Delbert

Shekara talatin da huɗu Delbert Ruzicka ya yi yana tuƙa motar goge ƙanƙara a zauren hoki, wasan sanda da ake yi a kan ƙanƙara, a garin Vesta Lake, can arewacin Minnesota. Duk wanda ya taɓa ɗaura takalmin sulu a garin ya san ƙeyarsa, don ita ake gani in ya karya kwana da motar, hularsa ta ulu a karkace. Ubansa a mahaƙar ƙarfe ya ƙare rayuwarsa, shi kuwa wata takwas ya yi a can ya ce a kai kasuwa. Yana saurayi ya tsare wa ƙungiyar sakandare gida. Ba gwani ba ne, amma ba ya tsoron duka, shi ya sa haƙoransa biyu na gaba na roba ne. Kowace kaka shi yake durƙusawa ya shafa layukan ja da shuɗi a kan ƙanƙarar farko, sannan ya yi ta fesa ruwa har su nutse a ƙarƙashi.

Akwai kuma abin da kowa ya sani game da shi amma ba a faɗa a gabansa. Delbert ya sha giya kamar ba gobe. Ya daina ne shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da ya afka wa katangar filin da motar, ana hutu a tsakiyar wasa, 'yarsa tana cikin 'yan kallo. Matarsa Corinne ba ta yi masa faɗa ba ranar. Akwati ta ɗauko, babu komai a ciki, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce ya zaɓa: ko ya daina, ko ɗayansu ya cika shi. Tun daga nan baƙin kofi yake sha, daga safe har yamma.

A shekarar da ya cika sittin da ɗaya injin sanyin da ke daskarar da filin ya fara ciwon ajali. Ana cikin neman mafita sai wani kamfanin giya daga birni ya ce zai sayi sabo, in dai za a zana tambarinsa a tsakiyar fili, ƙarƙashin ƙanƙara. Kwamitin zauren ya rabu biyu. Wasu suka ce yara 'yan shekara shida ne suke sulu a wurin, ba za a sa su girma suna taka sunan giya ba. Wasu suka ce in babu inji babu ƙanƙara, in babu ƙanƙara yaran za su watse ne su tafi inda giyar gaske take. Shugaban kwamitin, Koci Stu Wojcik, ya ce surutun ya isa, a sa mutum ɗaya ya binciko abin da masana suka gano, ya kawo nan da mako uku.

"Wa ya kai Del sanin ƙanƙara?" in ji shi. "Wa kuma ya kai shi sanin giya?"

Aka yi dariya, sannan kowa ya koma kallon teburi. Delbert, wanda ya shigo ne kawai don ya ji ko za a taɓa masa fili, ya rasa yadda zai ƙi, sai ya gyaɗa kai.

Da ya koma gida ya zauna a kicin, ya sa tabarau, ya rubuta tambayarsa a waya da yatsa ɗaya, cikakkiya kamar mai tambayar likita: shin tallar giya a wurin wasa tana sa yara su sha giya? Amsoshi suka zubo, miliyoyi. Na farko wani shago ne da ke sayar da rigunan hoki. Na biyu jerin tallace-tallacen giya ashirin da suka fi ban dariya. Na uku ya ce e, tabbas, na huɗu ya ce a'a, ƙarya ce, kuma dukansu biyun sun ce "bincike ya nuna". Ya ƙara kalmar ƙanƙara ko zai kusanto garinsu, sai aka shiga koya masa yadda ake sanyaya giya cikin minti biyar. Kwana uku yana wannan, bai rubuta ko layi ɗaya a littafin da ya saya don aikin ba.

Rana ta huɗu ya tafi laburaren gari, inda rabonsa da shiga tun yana ɗan makaranta. Mai kula da wurin, Marlys Aune, ajinsu ɗaya tun firamare, kuma har yau da sunan tsaron gidansa take kiransa.

"Gola, ɓatan hanya ka yi? Gidan kofi yana gaba."

Ya faɗa mata abin da ke tafe da shi. Ta ce abin da yake yi a waya kamar tsayawa ne a tsakiyar kasuwa yana tambaya da ƙarfi, duk mai abin sayarwa shi zai riga amsawa. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta buɗe masa abin da ta kira rumbun bayanai, inda ake tara rubuce-rubucen masana, ta ce a nan ba a rubuta tambaya, kalmomi ake sakawa ɗaya-ɗaya a akwatuna. Ya saka giya, yara, hoki. Ba a sami komai ba. Ta ce ai masana ba sa cewa giya, barasa suke cewa. Ba sa cewa yara, sai matasa masu tasowa. Talla kuwa sau da yawa ɗaukar nauyi suke kiranta. Delbert ya tambaya ko akwai dalilin da ya sa ba sa magana kamar mutane. Ta ce ita ma shekara talatin tana wannan tambayar.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne "da" da "ko". Marlys ta ce in ya haɗa kalmomi biyu da "da", sakamakon raguwa zai yi, in ya haɗa su da "ko", ƙaruwa zai yi.

"Kin juya abin," in ji Delbert. "In na ce a ba ni burodi da ƙwai, abu biyu zan samu. In na ce burodi ko ƙwai, ɗaya za a ba ni."

"A gidan abinci ke nan. Nan ba gidan abinci ba ne."

Ta zana masa da'ira biyu da suka shiga juna, ta cike tsakiyarsu da biro. Ya duba ya duba, ya ce shi dai in ya zana da'irorin fili haka korarsa za a yi. Amma ya gwada, kuma haka abin ya kasance: da "ko" dubu goma sha ɗaya, da "da" ɗari biyu da wani abu. Bai yarda da dalilin ba, ya dai bi.

Mako guda yana zuwa kullum bayan ya goge fili na safe. Wasu takardun a buɗe suke, wasu taƙaitawa kawai ake nuna masa sannan a rufe ƙofa, sai Marlys ta aika wa laburaren jami'a a turo. Yawanci daga wasu ƙasashe suke, kan wasannin da bai taɓa kallo ba. Bai sami ko ɗaya da ta yi maganar ƙaramin zaure a ƙaramin gari ba. Wata takarda ta ce yaran da suka fi ganin irin wannan tallar sun fi saurin fara sha. Ya yi murna, ya ja layi. A shafi na tara ita wannan takardar ta ce hakan bai tabbatar da cewa tallar ce sanadi ba, kuma ana bukatar ƙarin bincike. Wata ta ce babu wani tasiri a zo a gani. Marlys ta nuna masa ƙananan rubutu a ƙarshe, inda aka faɗi cewa masu sana'ar giya ne suka ɗauki nauyin aikin. Ya ce to a jefar da ita. Ta ce ba lallai ba ne ƙarya ce, ya dai sani. Ya tambaye ta me zai yi da sanin. Ta ce wannan kuma ba aikin laburare ba ne.

Ana haka wata damuwa ta taso masa a gida. Wayarsa ta cika da giya. In ya buɗe don duba yanayin gari, kwalba ce mai raɓa. In ya shiga ganin hoton jikarsa, wani ne yake ɗaga kofin giya mai kumfa. Ya ɗauka lalacewa ta yi, ya kashe ya kunna, suna nan. Wata safiya ya bar ta kan teburi ya shiga wanka, Corinne ta ɗauka don ta duba lambar mai gyaran famfo, ta tarar ana yi wa mijinta tayin kawo masa katan ɗin giya har ƙofar gida.

Ta mayar da wayar inda take. Kwana biyu tana zuba masa abinci ba ta kallonsa. Ya gan ta ta taga tana leƙa bayan kujerar a-kori-kurarsa, ya ga ta buɗe akwatin kayan kamun kifinsa a gareji, ya kasa gane abin da take nema. Sai a rana ta uku, suna cin abincin rana, ta ajiye cokali.

"Del, faɗa mini da bakinka. Na fi son in ji daga gare ka."

"Ki ji me?"

Ta tura masa wayar. Ya ce shi ma abin ya dame shi, bai san daga ina suke fitowa ba. Ta ce waya ba ta kawo wa mutum abin da bai nema ba. Ya ce ai ya nema, amma ba don ya sha ba, don kwamiti ne. Yana faɗa yana jin yadda maganar ta yi kama da irin waɗanda ya sha yi mata a da, har shi kansa muryarsa ta fara ba shi shakka. Ƙarshe ya ɗauko makulli ya ce ta shiga mota. Suka je laburare. Marlys ta saurare su, ta danne dariyarta da ta ga fuskar Corinne, ta yi bayanin cewa duk abin da mutum ya nema a waya ana lura, masu talla kuma su biyo shi. Don ta gamsar da ita ta nuna mata tata wayar: tun da ta taya Delbert bincike, ita ma giya ake ta yi mata talla, ita da ko a bikin aurenta ba ta sha ba. Corinne ta zauna a kan wata ƙaramar kujerar yara ta rufe fuska da hannu. Da suka fito ta riƙe masa hannun riga har mota, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

A hanya Delbert ya ce abin da bai gane ba shi ne, ya je ne ya binciki talla, sai ga shi tallar ce ta bincike shi. Daga nan ya shiga tambayar kansa a fili. Kwalbarsa ta farko kawunsa ne ya miƙa masa a bukkar kamun kifi a kan tafkin da ya daskare, yana da shekara goma sha huɗu, kuma babu allon talla ko ɗaya a wurin. Amma kuma har yau yana iya rera waƙar giyar da ake sakawa a rediyo lokacin wasanni yana yaro, baiti-baiti, alhali ya manta lambar wayar 'yarsa. Wanne ne ya kama shi? Corinne ta ce ita ba ta sani ba, kuma kada ya rera mata.

Ranar taro ya zo da takardu cike da kwalin takalmi. Ya miƙe, ya cire hula, ya ce ya karanta ashirin da shida, ya fahimci wajen tara. Ya ce yawancinsu sun karkata ga cewa yawan ganin talla yana tafiya tare da saurin fara sha, amma kusan kowacce ta ja da baya kafin ta ƙare, kuma babu wadda ta san Vesta Lake. Wata uwa ta ce to magana ta ƙare, Del ya tabbatar akwai haɗari. Wani uba ya ce a'a, Del ya tabbatar babu hujja. Suka kama musu a kan abin da ya faɗa, yana tsaye a gabansu ba wanda ya tambaye shi. Sai Koci Stu ya buga teburi.

"Del, bar takardun. Kai me ka gani?"

Delbert ya daɗe yana murza hularsa. "Kafin in fara, na san amsar," ya ce. "Yanzu ban sani ba. Abu ɗaya na sani. Duk abin da aka zana a ƙarƙashin ƙanƙara ni zan durƙusa in zana shi, kuma ba ya fita sai bazara. Ba na son in yi wata bakwai ina zagaya shi sau goma a rana."

Ba wanda ya yi dariya. Aka koma wa kamfanin da wani tayin: ba tambari a fili, sai dai babban kyallen talla da za a riƙa ratayawa ranakun wasan manya, Talata da Alhamis, a sauke kafin yara su zo. Kamfanin ya yi jinkiri, sannan ya yarda, ya biya wani kaso, gari ya cike sauran da cin abincin gidauniya da gwanjon kek. Ba a tsaya tattauna wanda zai riƙa ratayawa da saukewa ba, don tsani a ɗakin Delbert yake.

Shekara uku yana hawa yana sauka da kyallen nan. Sau ɗaya ya rikita Laraba da Alhamis, 'yan shekara takwas suka yi atisaye a ƙarƙashinsa, ya zo da gudu ya sauke. Ya tambayi wata yarinya ko ta ga abin da ke jiki, ta ce e, hoton barewa ne, kuma ƙahonta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya shimfiɗa kyallen a ƙasa ya auna da ido, ya ga gaskiyarta.

A shekara ta huɗu wani babban kamfani ya saye na giyar, aka canza suna, ba wanda ya zo karɓar tsohon kyallen. Delbert ya yi ritaya a bazarar, bayan ya koya wa wata tsohuwar 'yar wasan ƙungiyar mata tuƙa motar. Kyallen kuwa mai kauri ne, ruwa ba ya ratsa shi, sai ya kai gida ya lulluɓe itacen hura wuta da shi a bayan gareji. Corinne ta fito ta duba, ta sa ya juya rubutun ya kalli ƙasa, sannan ta taya shi ɗora duwatsu a gefuna saboda iska.