Tafiyar da Na Koma Ɗan Rakiya

Mun tashi da asuba daga unguwar Abbasiya ta birnin Alkahira, ni da abokin ɗakina, mutumin Damagaram. Ana sallame salla muka tari tasi zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Direban ya ce mitarsa ta lalace, yadda mitar kowane direba ke lalacewa in ya hango baƙo da jaka. Muka daidaita a ginai goma, kuɗin ƙasar.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Shekara biyu ke nan ina yankan tikiti a ofishin wani ƙaramin kamfanin jiragen sama a unguwar Muhandisin, kuma da aikin nan nake riƙe kaina har in gama digiri na biyu. Jiragenmu ƙanana ne masu farfela, aikinsu ɗebo mutane daga garuruwan kudu zuwa Alkahira. Tun zanga-zangar bara masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ba abin da ya rage mana sai 'yan ci-rani masu zuwa ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur. Akwai wani gari a kudu da aka ƙayyade wa filin jirginsa nisan tafiya, jirgi ba ya tashi daga can sai zuwa kusa. Dole ɗan ci-rani ya hau namu zuwa Alkahira, sannan ya canja babba. To, an ce za a ɗage wannan ƙa'ida. Ranar da aka ɗage, babban jirgi zai sauka a ƙofar gidansu ya kwashe su kai tsaye, mu kuma sai mu yi ta jigilar kujeru. Da na ji wani babban kamfani na neman mai harsuna mutum ɗaya da zai zauna masa a can, ban yi wata-wata ba na aika takarduna. Abokin nawa kuwa rakiya kawai na roƙe shi.

Jirgin ƙasa na zaɓa don kada abokan aikina su gan ni in shiga amsa tambayoyi. Amma na tanadar mana kujerun dawowa a jirginmu, don a lissafina zan dawo da sabon aiki a aljihu, wanda zai gani ya gani.

Taragon da sanyi har cikin ƙashi, sai da muka lulluɓa da dardumar salla. Bayan Giza gari ya buɗe, gonakin masara da dabino kore shar a gefen kogi, can baya kuma dutse da rairayi. Mai shayi na kai da komo, kofi ginai biyu, sukari rabin kofin. Wani dattijo mai rawani ya kwance ƙunshinsa ya tura mana gurasa da cuku mai gishiri, ya rantse sai mun ci. Ya tambaye mu ko 'yan Sudan ne mu, muka yi masa bayani tiryan-tiryan, ya gyaɗa kai ya ce Sudan mutanen kirki ne.

Mun sauka da azahar, rana kamar ta dafa mutum. Muka kama ɗaki kusa da tasha, na saka farar rigata mai guga, shi kuwa mutumin nawa ko takalmi bai canja ba. Da la'asar muka isa ofishin babban kamfanin. Wata mata mai tabarau ce ke ganawa da masu neman aikin. Ta gama da ni lafiya lau, Larabci da Turanci ba inda na yi tuntuɓe. Ta rako ni ƙofa, sai ta ji abokina a kan benci yana waya da ƙanwarsa da Faransanci.

Ta kira mu ciki tare. Ta yi masa 'yan tambayoyi, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kai ka san shi. Tsakaninku wa ya fi dacewa?"

Jama'a, me ɗan Hausa zai ce? Mutum yana zaune a gefenka, kun ci tuwo a kwano ɗaya shekara huɗu. Na ce, "Ai shi malamina ne, ya fi ni nesa ba kusa ba." Na tsaya jiran ya mayar mini da karar, ya ce a'a, shi ɗan rakiya ne. Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin na wanda aka yaba a gaban mutane. Matar ta dube shi, ta dube ni, ta rubuta wani abu.

Washegari da hantsi muna shan ruwan rake a bakin kasuwa waya ta yi ƙara. Na laluba aljihuna. Ba tawa ba ce.

Wallahi ban san ina da baƙin ciki ba sai ranar. Na rungume shi na ce Allah ya sanya alheri, amma ruwan raken nan ya koma mini kamar maɗaci. Ya ce, "Malam, kunya ce ta hana ni magana. In ka ce in bari, na bari." Na ce haba, wane irin zance ne wannan. Kara ta biyu ke nan, kuma ita ma ya karɓa.

A jirginmu na dawowa kujeru sun cika maƙil da 'yan ci-rani, kowa da kwalin gurasa da jarkar zuma. Na kusa da ni birkila ne, ya ce sau shida yana wuni a kan benci a filin Alkahira yana jiran babban jirgi. "Baɗi in sha Allah daga gida sai can," in ji shi, bakinsa har kunne. Ban ga laifinsa ba. Wata tsohuwa a bayanmu kuwa likita take zuwa gani a Alkahira duk bayan wata biyu, ta tambaye ni ko jirgin nan zai ci gaba da zuwa in waɗannan sun daina hawa. Na ce mata Allah ne masani. Abokina na jikin taga yana ɗaukar hoton kogi, ni ina kallon ƙeyarsa ina tuna cewa ni na koya masa cika fom da Turanci.

Mun iso Abbasiya kafin magariba. Abin da na koyo ba shi da yawa. Kara a gida ado ce, don wanda ka yi wa ya san yadda zai mayar maka. A gaban baƙo mai biro kuwa shaida ce, yadda ka faɗa haka za a rubuta. Har yau ban sani ba ko kunya ce ta rufe bakin mutumin nan ko wayo, kuma ba zan tambaye shi ba.

Jiya ya zo ofishinmu neman tikitin tafiya kama aiki. Ni na yanka masa da hannuna, na ba shi kujerar taga. Ya ce in haɗa masa da na dawowa, don zai zo mana hutun salla. Na duba allon, babu jirginmu ko ɗaya da aka sa a layin nan bayan azumi. Na ce masa, "Malam, na dawowa sai dai ka yanka a wajenku."