Girman Yaya Ya Tsaya

Mai Agogo wada ne. Yana ɗan shekara goma sha huɗu tsawonsa ya kai hannun ƙofa, ya ga wurin ya yi masa, ya tsaya nan. Likita ya yi wa Inna, mahaifiyarsa, bayani: ƙasusuwan hannu da na ƙafa ne ba sa miƙewa kamar na sauran mutane, ba yunwa ba ce, ba kuma hannun kowa a ciki. Ya rubuta "Girma ya tsaya" a takarda, Inna ta ninke ta cusa ƙarƙashin katifa.

Shi kuwa ya ci gaba da harkarsa. Ya koyi gyaran agogo a kan kujera mai matashi biyu, gilashi maƙale a ido ɗaya. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku da suka wuce shi tun suna firamare, ya yi furfura. A gida kowa Yaya yake ce masa, ba a yanke magana sai ya yi gyaran murya. Duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar wannan kiran.

Ranar da ake sauya wa Inna katifa, ƙaninsa Dogo, direban babbar mota, ya tsinci takardar. Kafin azahar ya tara kowa a falo.

"Jama'a, likita ne ya rubuta, ba ni ba. Girmansa ya tsaya a sha huɗu. Ni ina da arba'in da shida. To wane ne yayan wani?"

"Tsawo yake nufi, sakarai!"

"Ina ka ga tsawo a nan? Karanta da kyau, ƙanena."

Ƙanena! Sai da kunnen Mai Agogo ya yi zafi. Goggo, ƙanwar babansu, ta ƙirga da yatsu, ta ce ai lissafin ya fita. 'Yar Mai Agogo ta fari, mai shekara ashirin, ta tambaya ko daga yau ita za ta riƙa aikensa.

Mai Agogo ya miƙe. Ya jawo benci, ya hau, ya zare batirin agogon bango yana kan sha biyu da rabi. Ya sauko ya harɗe ƙafa.

A gidan nan ƙarfe biyu ake zuba abinci, dokar Inna ce. Dogo ya jira, ya leƙa kicin, ya dawo. Inuwa ta tsallake tsakar gida.

"Inna, ai la'asar ta wuce!"

"Ni dai sha biyu da rabi nake gani," in ji Inna.

"Agogon ne ya tsaya, ba lokaci ba!"

"A'a?" in ji Mai Agogo. "Karanta da kyau."

Cikin Dogo ya yi ƙugi har Goggo ta waiwaya. Ya dubi ƙofar kicin, ya dubi takardar, ya ninke ta a hankali.

"Yaya, don Allah mayar da batirin."

"Wa kake kira? Ban ji ba."

"Yaya na ce!"

"To sauko min da agogon, yaro. Gwiwata ba ta hawa benci sau biyu a rana."