Kaluluwar Kakanmu da Ta Ƙanwata

Har yau in na ga gidan zanzaro a bango, gabana faɗuwa yake yi. Shi Inna ta riƙa jiƙawa tana shafa wa ƙanwata a muƙamuƙi, a daminar da kumburin ya fito mata.

Ka san abin da ya cuce mu? Kakanmu. Ba da gangan ba, Allah Ya jiƙan shi. Shekara da shekaru yana yawo da kaluluwa a wuya, ƙwallaye kamar kurna, har mukan hau cinyarsa muna latsawa yana dariya. Likitan Sakkwato ya ce masa ciwon daji ne, amma mai tafiyar hawainiya, ba a warkar da shi, sa ido ake yi. Haka ya ci gaba da kai gero kasuwannin Nijar, lafiya lau.

To da na yarinyar ya fito, shi ya duba ya ce, "Irin nawa na. Ku bari a yanke gero, za ni da ita wurin likita da kaina." Wa zai musa wa mai ciwon?

Kafin gero ya nuna, kumburin ya ture mata haƙora, fura ma sai da cokali. Wayyo, yarinya mai surutu ta koma nuni da hannu!

A asibiti aka yanki ɗan nama aka duba. Likita ya ce wa Baba dajin kaluluwa ba iri ɗaya ba ne. Na yara irin wannan gudu yake yi, cikin kwanaki yake ninkuwa, amma shi ne ke jin magani: ƙarin ruwa mai ƙarfi, gashi ya zube, yaro ya tashi, in an zo da wuri. Mu ba mu zo da wuri ba. Kakanmu ya ƙara shekara bakwai bayan rasuwarta, bai sake barin mu taɓa wuyansa ba.

Yanzu ni ce uwa, a nan Tsamaye. Shekaranjiya ina yi wa ɗiyata kitso na ji ƙwallo ƙarƙashin kunnenta. Mai gidana ya ce wataƙila hangum ne, kuma 'yan bindiga sun tare hanya, direbobi sun ajiye motoci, a jira ta lafa. Wallahi tsoro nake ji, na hanyar da na ciwon duka. Amma na taɓa jira, na ga ƙarshensa. Gobe za ni asibiti, ko a ƙasa, da ita a bayana.