Tsamiyar da Ke Tsakiyar Dam

Ƙanshin tarwaɗa a kasko yakan sa mutane haɗiyar yawu. Ni kuwa raina yake ɓatawa, bari ka ji dalili.

Da aka datse gulbi aka yi dam, ruwa ya haɗiye ƙauyenmu na ƙasar Maradun, har gonaki da maƙabarta. Ni ban san garin ba sai a bakin kakana. Masunci ne, amma tun da aka tashe su bai ƙara jefa taru ba, bai kuma sa kifin dam a bakinsa ba, don kakata tana kwance a ƙarƙashin ruwan.

Abu guda ya rage masa. Idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, kan wata busasshiyar tsamiya yakan leƙo a tsakiyar dam ɗin. Kusa da gindinta aka binne kakata. Sai ya ari kwalekwale ya tsokane ni: "Taho mu tai gaida matakka, miji marar zumunci." Can zai ɗaure jirgin a reshe ya yi mata addu'a, ba ka jin komai sai ruwa yana bugun katako.

Wata shekara muka je, babu tsamiya. Muka yi ta kewaye, ruwa ko'ina iri ɗaya. Wani masunci ya zo wucewa, suka gaisa.

"Ɗana, ina tsamiyad da ka nan?" in ji kakana.

"Ai mun sare ta, Baba. Taru take yage muna."

Ba da mugunta ya faɗa ba, har kifi ya miƙo mana. Kakana bai karɓa ba. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kai, ka gane wurin?" Ban gane ba, shi ma haka. Daga ranar bai sake aron jirgi ba har Allah ya karɓi ransa.

Yanzu da sallah samari kan cika bakin ruwan a kan babura, daga Talata Mafara da Bakura. Su shiga jirgi, su ɗauki hoto, su ci soyayyen kifi, suna ta yabon wurin. Na san ba su da laifi, amma wallahi haushinsu nake ji.

Bara ɗana ya matsa na kai shi. Ya dubi ruwan ya ce, "Baba, ina ne garinmu?"

Na ɗaga hannu zan nuna masa, sai na sauke.